Yadda zaka yi wa ƙaramar tankar roba ko jirgi fenti har ya yi kamar ya sha hanya

Muna yara a cikin garin Kano ba wanda bai iya haɗa motar kara ko ta langa-langa ba, ka samu gwangwanin madara ka fasa ka miƙar da dutse, ka yanko tsohon silifas ka yi taya, ka ɗaura zare kana ja a lungu kana yin ƙarar inji da baki. To abin da zan yi bayani yau ƙanin wancan ne, sai dai shi a kwali yake zuwa daga kamfani, ƙananan robobi ne maƙale a jikin firam, kai zaka yanko ka haɗa da gam ka yi fenti har ya fito sak jirgin yaƙi ko tanka ko mota. Haɗawar ba ita ce wahala ba, takardar cikin kwalin ta nuna komai da hoto, ko baka jin yaren da aka rubuta zaka gane. Inda ake rabuwa shine wajen fenti da tsufarwa, wato ka sa abin da ya fito daga kwali jiya ya yi kamar ya shekara 10 yana shan rana da ƙura. A nan ne na wani zai fito kamar a tayar a tafi, na wani kuma ya fito kamar kayan wasan yara na sallah.

Da farko ka kalli lambar da ke jikin kwalin. In ka ga 1/35 ana nufin an rage abin sau 35, yawancin tankoki da motocin soja a wannan girman suke, kuma kamfanin Tamiya na Japan ne ya yayata shi. Jirage 1/72 ko 1/48, motocin gida 1/24. Tankar T-72 irin wadda sojojinmu ke da ita, tsawonta har bakin bindiga wajen mita 9 da rabi ne, a 1/35 sai ta dawo santimita 27, ko tsawon rular makaranta bata kai ba. Abin da yasa na damu da lissafin nan, ɗigon fenti mai faɗin milimita 1 a jikinta daidai yake da santimita 3 da rabi a tankar gaske, a jirgin 1/72 kuwa ya haura santimita 7, kusan faɗin tafin hannu kenan. Rabin ɓarnar da sabon shiga yake yi daga mantawa da wannan take.

Fenti iri uku ne kuma ba duka ke shiri da juna ba

Akwai akirilik, shine mai sauƙin sha'ani, ba wari sosai kuma yana bushewa da wuri. Vallejo da AK da Ammo duk na Sifen ne, da ruwa ake sirka yawancinsu. Na Tamiya shima akirilik ne amma shi da sipirit yake tafiya, tinarsa, wato ruwan da ake sirka shi, X-20A ake ce mata, kuma ka lura kwalbar da aka rubuta XF busasshen kala ce marar sheƙi, mai X kaɗai kuma mai sheƙi ce. Kar ka ce tunda duk akirilik ne bari ka zuba sipirit a Vallejo, guda-guda zai yi maka kamar kindirmon da ya tsinke. Sai inamel irin ƙananan gwangwanayen Humbrol na Ingila, da fentin mai na masu zane wanda ke zuwa a tub kamar man goge baki, waɗannan biyun da farar tinar masu zane ake sirka su, wadda ake kira wait sipirit, kuma suna daɗewa basu bushe ba. Na ukun shine lakka, ba lakar taɓo ba, fenti mai zafi ɗan uwan na mota, Mr. Color na Japan da yawancin fentin gwangwanin feshi a nan suke. Shi ya fi kama roba kuma ya fi ƙwari amma tinarsa tana cin duk abin da ta tarar.

Ƙa'idar kawai ita ce kar abin da zaka ɗora a sama ya narkar da na ƙasa. Lakka a ƙasa yake zama, akirilik ya hau kansa, inamel da fentin mai su zo a ƙarshe wajen tsufarwa, tunda tinarsu bata taɓa akirilik in ya bushe sosai. In ka juya tsarin nan ka jawo wa kanka aiki.

Ni da kaina na koya, kuma da tsada. Jirgina na farko na gama haɗa shi tsaf, na je kasuwa na sayo gwangwanin feshi irin wanda ake yi wa ƙofar ƙarfe, mai shagon yace min ai wannan ko a ruwa ka fesa sai ya kama, na dawo da azahar a watan Afrilu na ajiye jirgin a tsakar gida na danna masa da kauri a lokaci ɗaya. Ina tsaye ina kallo fiffiken ya fara yamutsewa kamar fatar ganda, duk ƙananan layukan da kamfani ya zana suka narke suka shafe. Robar nan folistarin ce, tinar mota da fetur da abin goge jan farce duk cinye ta suke. Tun daga ranar ba abin da nake fesawa a jikin aiki sai na gwada a ragowar firam ɗin ko a bayan farin cokalin roba irin na tekawe, in ya kwana lafiya to.

Maganar samun kayan kuwa, ni oda nake yi ko in ba wani sautu in zai dawo daga waje, kuma ka sani gwangwanin feshi da tina masu jirgi basa son ɗauka saboda suna kama wuta, shi yasa akirilik na ruwa ya fi sauƙin isowa. Sauran tarkacen duk a gari zaka samu. Sanfefa mai laushi da tef ɗin masu fentin mota ka leƙa Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, fentin mai da allin kala a shagunan kayan zane da na littattafai, sannan kar ka raina masu kayan kwalliyar mata, buroshin hoda da ɗan soson shafa da gazar ido mai ruwan ƙasa wallahi aiki suke kamar don mu aka yi su. Ka dai sayi naka, kar ka ɗauki na uwargida, na gaya maka.

Kafin fenti

Ka yanko kowane yanki da abin yanke farce ko ƙaramar filaya, kar ka murɗe da hannu, ka kankare layin da ke bin gefensa da bayan reza. Inda ɓari biyu suka haɗu, musamman bayan jirgi, in tsaga ta rage ka cike da foti, wato ƙullin cike rami irin na masu fentin mota, ka goge da sanfefa mai lamba 600 sannan 1000 da ɗan ruwa. Wani dattijo mai fentin mota da nake zama wajensa wani lokacin, na taɓa kai masa wata mota da na yi ina ta jin kai, ya juya ta a hannu ya kai ta wajen haske yace ɗana ai baka goge ba, fenti baya rufe aibi sai dai ya tona shi. Nace Baba ai ƙarama ce ba mai gani, yace to ni ya aka yi na gani. Ban ƙara cewa komai ba.

Gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin narkar da fuskokin yake ya haɗe su, don haka baya kama inda fenti yake, sai ka kankare. Gilashin matuƙi kuma kar ka kusance shi da sufa gulu, tururinsa zai mayar maka da shi fari fat, farin gam na kafinta shine daidai. Daga nan ka wanke aikin da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke don maiƙon hannu ya fita, ka bari ya bushe, sai firama, wato fentin farko da ake shafawa a ƙasa don na sama ya kama. Firama ruwan toka ya fi nuna kuskure, baƙi kuma yana ba ka inuwa kyauta a lunguna. Shafi ɗaya siriri ya isa.

Yanayin garin nan

Wannan ne ba zaka ji a bakin masu koyarwa na Turai ba don su sanyi da laima ne matsalarsu. Mu a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40 kuma iska a bushe take ƙayau, in ka fesa fenti tun kafin ya isa jikin robar ya bushe a iska, sai ya sauka kamar gari, ka shafa ka ji kamar sanfefa. Maganinsa ka yi aiki bayan asuba ko can da daddare, ka ƙara tina, ka matso da hannu kusa, in kana da ruwan da ke jinkirta bushewa ka ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu. Da hunturu kuma ƙura ce, kuma roba in iska ta bushe jan ƙura take kamar mayen ƙarfe, don haka ka rufe taga, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kashe fanka, kana gama shafi ka kifa masa robar abinci mai tsabta. Da damina, musamman Agusta, ka kiyayi fesa banish, wato ruwan nan marar kala da ake rufe fenti da shi, musamman marar sheƙi, ranar da hadari ya haɗu, laima tana sa shi ya yi fari kamar an barbaɗa fulawa. In hakan ta faru kar ka jefar, ka bari ya bushe ka bi shi da banish mai sheƙi, sau da yawa farin yana ɓacewa.

Kuma dan Allah kar ka ce bari in sa a rana ya bushe da wuri ko ka manta shi a cikin mota, bindigar tanka zata lanƙwashe ta kalli ƙasa.

Shafa kalar asali

In kana da ƙaramin gan na feshi da kwamfuresa, ka sirka fentin ya yi ruwa kamar madarar shanu, iska tsakanin 15 zuwa 20 a agogon kwamfuresar, nisa kamar tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, hannu yana tafiya kafin ka danna kuma kar ka tsaya waje ɗaya. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Ka sa takunkumi na gaske ba irin na tsumma ba, ka yi inda iska ke fita, kuma nesa da risho ko janareto. Ka wanke gan ɗin kana gamawa, kar ka ce sai an dawo da wuta, akirilik in ya bushe a ciki sai ka kwance komai.

In baka da shi kar ka fasa, buroshi ma yana yi. Ka nemi mai faɗi mai laushi, ka sirka fentin sosai, shafin farko zai fito da ban haushi kana hango firama ta ƙasa, ka ƙyale shi ya bushe kar ka koma kana gyarawa, na biyu ka ja shi a gicciye, na uku ka koma yadda ka fara, zaka ga ya kwanta lumui. Kuma tunda fenti yana bushewa a faranti kafin ka juya, ka samu robar tekawe ka shimfiɗa tishu mai ruwa ka ɗora takardar gashin kek a kai ka riƙa ɗiga fentin a nan, zai kai maka awanni.

Abu ɗaya da mutane basa yarda sai sun gani, kalar da ke kwalba ta yi wa ƙaramin abu duhu. In kana kallon jirgin 1/72 daga nisan santimita 30 tamkar kana kallon na gaske ne daga nisan mita 21 da wani abu, kuma abu daga nesa kalarsa dusashewa take, ka hangi dutsen Dala daga nesa da hunturu ka gani. Don haka ka ɗan haska kalar, kore ka sa masa ɗigon ruwan ƙwai ko kalar yashi irin XF-57, kar ka sa fari zalla don zai koma kamar alli. Tsakiyar kowane faifai, wato kowane fallen bodi da layi ya zagaye, da saman da rana ke duka ka ƙara haskawa kaɗan. Taya kuma ba baƙa wuluk ba ce, toka-toka ce mai duhu, je ka duba tayar Adaidaita a bakin titi.

In kalar sojoji ce mai dabbare-dabbare ka fara da mai haske ka ƙare da mai duhu, tef ɗin da zaka rufe inda baka son kala ta hau kuma ka fara manna shi a bayan hannunka sau biyu ya rage ƙarfi kafin ya hau fenti.

Sitikar lambobi da tambari da ke zuwa a cikin kwalin tana son waje mai santsi. In ka manna ta a fenti marar sheƙi iska zata maƙale a ƙarƙashi ta riƙa ƙyalli kamar azurfa ta gefe-gefe, shi yasa ake fesa banish mai sheƙi tukunna, irin X-22. Ka tsoma ta a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙu, ka ajiye a tishu har ta fara zamewa, ka zamar da ita da jiƙaƙƙen buroshi, ka danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. In ta bushe ka sake bin ta da banish ɗin. Wannan shafin shine katangar da zata kare maka duk aikin baya daga tinar da ke tafe, ka bashi kwana ɗaya cur ko biyu.

Yanzu ajiye buroshi ka fita titi

Da gaske nake. Kafin ka sa ɗigon datti ɗaya ka je inda tifofi da tireloli ke tsayawa, ko garejin manyan motoci, ko ka tsaya a bakin hanyar Zariya ka yi minti 20 kana kallo kawai. Na taɓa tsayawa kan wata tifar yashi har direban ya leƙo yace malam lafiya, nace lafiya lau oga fentin motarka nake karanta, ya girgiza kai ya koma. Amma ga abin da na gani. Saman kan motar ya koɗe ya yi fari-fari don rana, gefe bai kai shi ba. Matakalar da yaron mota ke takawa fenti ya tafi gaba ɗaya ƙarfen har ƙyalli yake, ba tsatsa ko kaɗan don kullum ana gogarsa. Tsatsar tana can inda ruwa ke kwanciya, ƙasan ƙofa da gindin kusoshi, kuma daga kowace kusa wani siririn layi ja ya gangaro ƙasa. Gefen tankin gas baƙi ne dumu-dumu don mai ya zuba ƙura ta manne a kai. Ƙasan bodin jawur da jar ƙasa, tana raguwa tana raguwa har ta ɓace wajen rabin ƙofa, gilashi kuma butu-butu in banda inda waifa ta share. Kowane datti da dalilinsa da wajen zamansa. Wanda ya zauna a ɗaki ya kwaikwayi bidiyon wani bature, tankarsa zata fito da baƙin taɓon Turai alhali yace ta Sambisa ce.

Sai ka yanke shawara, abin nan naka a ina ya yi aiki, wane lokaci, shekara nawa. Kuma da me aka ƙera shi. Jirgi yawanci alminiyam ne, baya jar tsatsa, in fenti ya ɓantare azurfa zaka gani. Ƙaramar tankar Scorpion ta Ingila wadda sojojinmu ma sun yi amfani da ita, sulkenta alminiyam ne, wanda ya cika mata jiki da tsatsa ya yi ƙarya. Jirgin Hurricane kuwa, irin waɗanda a da, daga 1940, turawan Ingila suka riƙa haɗawa a Takoradi ta Gana su taso ta Legas su yada zango a nan Kano su wuce Maiduguri har Masar, bayan gangar jikinsa yadi ne aka ɗame aka yi wa fenti, to in ka zana ƙarfe yana leƙowa a wajen ka ga ai an yi abin kunya. Jiragen koyon tuƙi L-39 da muke jin ƙararsu a saman gari kuma kullum ana duba su ana gogewa, ɗan koɗewar rana da ɗan baƙi a layuka ya ishe su.

Ruwan layi

Matakin farko shine fito da layuka da kusoshi. Ka matso fentin mai ruwan ƙasa mai duhu, ka haɗa da ɗan baƙi, ka fara ajiye shi a kan kwali na awa ɗaya ko biyu kwalin ya tsotse man, in ba haka ba sai ya yi sati yana danƙo. Ka sirka da farar tina ya yi ruwa kamar baƙin shayi, ka tsoma siririn buroshi ka taɓa bakin layi kawai, da kansa zai gudu ya bi layin ya zagaye kusa. Kar ka wanke duk jikin da shi. Bayan minti 15 zuwa 20 ka ɗauki auduga ko buroshi mai ɗan danshin tina, danshi fa ba jiƙewa ba, ka share inda ya wuce gona da iri. Akwai na kwalba da aka riga aka haɗa irin Panel Line Accent na Tamiya, yana da kyau, amma kar ka bari tina ta taru a gaɓoɓi don tana sa roba ta yi gautsi ta tsage. Kananzir zai iya sirka fentin mai amma maiƙo gare shi kuma baya son bushewa, ni na daina. A kan kalar yashi ka yi da ruwan ƙasa, baƙi zalla yana sa abu ya zama kamar zanen katun.

Ɓantarewar fenti

Nan ne hannu ke zarcewa. Ka yago ɗan soso irin na cikin kwalin waya, ka riƙe da hantsaki, ka taɓa fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka daddanna a takarda har sai ya kusa daina fitowa, sannan ka taɓa gefuna da bakin ƙofofi da inda ƙafa ke takawa. Ka riƙa juya soson don kar tambarin ya zama iri ɗaya. In kana so ya yi zurfi ka fara sa kalar da ta fi ta bodin haske, sannan ka sa mai duhun a tsakiyarta da bakin buroshi. Ka tuna lissafin milimita ɗin nan, in ɗigon ya kai girman ƙwayar gero ya yi yawa.

Akwai dabarar feshin gashi na mata ga wanda yake son fenti ya ci uban tsufa, kamar tsohuwar motar da aka yar a gareji. Ka yi kalar tsatsa a ƙasa ka rufe da banish, ka fesa feshin gashi sau biyu sama-sama, ya bushe ka fesa kalar bodi siririya ta akirilik, da ta sha iska ka jiƙa wajen da ruwa ka riƙa gogawa da buroshi mai tauri ko tsinken sakace, ruwan zai narkar da feshin gashin fentin sama ya riƙa ɓallewa kamar na gaske. A zafin nan namu kar ka bari ya kwana, ka yi a zaman. Sannan fensir na makaranta, ka goga bakinsa a gefen sarƙar tanka da bakin bindiga da hannun ƙofa ka murza da yatsa, ƙyallin ƙarfen da zai ba ka ba fentin da zai ba ka shi.

Zirin ruwa da koɗewa kuma da fentin mai ake yi. Ka ɗiɗɗiga ƙananan ɗigo na fari da ruwan ƙwai da ruwan ƙasa a jikin faifai ɗaya, ka ɗauki buroshi mai faɗi mai danshin tina ka riƙa jan su har su kusa ɓacewa, saura ɗan alama kawai. A mota da tanka ƙasa ake ja don haka ruwan sama ke gangarowa, a fiffiken jirgi kuma daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi. Hayaƙi ka kankaro baƙin alli ka haɗa da ruwan ƙasa ka shafa da busasshen buroshi, kuma ka duba hoto ka san inda salansar take, ta T-72 a gefen hagu take saman sarƙa, na ga wanda ya baƙanta mata baya gaba ɗaya.

Ƙura, wadda Allah ya hore mana

Ana sayar da garin kala a ƙananan kwalabe da tsada, mu kuwa a bakin taga muke sharewa mu zubar. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga wajen Bodele a Chadi fara-fara ce mai laushi kamar hoda, daidai take da girman aikinmu, ni a kwalbar magani nake tarawa. Jar ƙasa kuma ka ɗebo ka shanya ta bushe, ka daka, ka tankaɗe da tsohuwar safa ko ɗankwali mai shara-shara, rariyar gari ta yi faɗi don ƙwayar yashi ɗaya a 1/35 dutse ce. In ba ka son wannan wahalar ka goga allin kala na masu zane a sanfefa ka haɗa kala biyu ko uku, kala ɗaya tak tana fitowa kamar an shafa hoda.

Kafin ƙura ka fesa banish marar sheƙi, don gari baya zama a waje mai santsi. Ka ɗiba da buroshin kwalliya ka zuba a ƙasan bodi da tsakanin tayoyi da lungunan da iska bata sharewa, ka taɓa gefen wajen da buroshi mai tina ta bazu ta jiƙa garin ba tare da ka goga ba. Zai yi duhu ka zata ya ɓaci, ka jira, in ya bushe haskensa zai dawo. Taɓo na damina kuma ka kwaɓa jar ƙasar da ɗan garin POP da farin gam da ɗigon fenti ruwan ƙasa, ka cusa a bayan tayoyi, ragowar ka tsoma tsohon buroshin goge baki ka ja gashinsa da yatsa ya fantsama a ƙasan bodi, amma ka kare sama da takarda. Busasshen taɓo mai haske a fara sawa, ɗanye mai duhu a kansa kuma kaɗan, in ka ɗiga masa banish mai sheƙi sai ya yi kamar yanzu ta fito daga kwata. Baƙin mai a saman inji shine na ƙarshe, fentin mai baƙi da ruwan ƙasa da ɗan sheƙi, ɗigo biyu uku a kan ƙurar ba a ƙarƙashinta ba.

Duk mataki ɗaya in ka gama ka ɗauki hoto da waya ka kalla, waya bata kara, abin da ido ya saba da shi ya daina gani ita zata nuna maka. In ka ji zuciyarka tace ƙara kaɗan, tashi ka je ka sha shayi, gobe ka dawo. Fentin mai da gari ana iya rage su da tina ko bayan kwana ɗaya ne, amma soso in ya yi yawa sai dai sabon fenti.

Bayan ƙura ni bana sake fesa banish, yana kashe ta ya mayar da ita duhu, in dole ne to sama-sama daga nesa. Sai ka ɓare tef ɗin da ka rufe gilashi da shi kafin fenti a hankali da bakin reza, ka manna eriya da madubi da sauran ƙananan da ka ajiye gefe don kar su karye. Ka riƙa ɗaukarsa ta ƙasa ko ka kafa shi a ɗan katako, yatsa ɗaya a kan ƙurar nan tambarinsa zai zauna. Kuma tun kafin ka gama ka kai wa mai gilashi awo ya yanka maka ɗan akwati, ko ka samu roba mai murfi wadda ake gani ta ciki, don in ka bar shi a buɗe kan talabijin hunturu ɗaya zai ƙara masa tasa ƙurar a inda baka sa ba, kuma ranar da ƙaramin gidan yace Kawu ara min motar nan baka da amsar da zata hana kuka.